Ƙafar da Ardis Ta Tashi da Ita

"Ba da waccan ba! Vern, ƙafa nawa Allah ya ba ka? Biyu ce kacal, amma kullum sai ka zaɓi wadda ba ita ba."

Na tsaya a tsakiyar ciyawar bayan gidanta na waiwaya. Na yi taku uku ni kaɗai, igiyar ta miƙe a hannuna, karen kuwa yana zaune daidai inda na baro shi. Ya karkata kai yana kallona kamar yau ya fara ganin mutum.

"Ai na ce masa mu je," na ce.

"Bakinka ya ce mu je, ƙafarka ta ce zauna. Wanne zai bi? Shi ma ya san baki yana ƙarya, ƙafa ba ta yi. Koma."

Ardis Sandvik ke nan, maƙwabciyata, zaune a kujerar roba da bargo a cinya. Ga siririn bututu a hancinta, ga tulun iskar asibiti a gefe kamar jikan da aka bar mata reno. Shekararta saba'in da shida, arba'in daga ciki a horar da karnuka ta ƙarar da su. Ba na gadi ba, ba na farauta ba, na gasa. Irin waɗanda ake kaiwa babban ɗaki a sa su tafiya, su zauna, su kwanta, su tsallake katako, alƙali yana biye da takarda yana rage maki. Bangon falonta ba a ganin fentinsa saboda ƙyallayen yabo da ta ciwo.

Na koma na tsaya kusa da karen, Rufus.

"Na faɗa maka sau goma, ga na sha ɗaya," ta ce. "Kare a hagunka yake tsayawa, ko? To idonsa a gwiwarka ta hagu yake. In ita ta fara motsi, ya san tare za ku tafi. In ka tashi da dama, wadda ke nesa da shi, ka ce masa ke nan ya zauna ya jira ka. Kuma ba zai tashi ba sai ka dawo, ka zagaya ta bayansa, ka tsaya inda ka bar shi. Ɗan goye ma zai gane wannan."

"Ɗan goye gungume bai taɓa danne masa gwiwa ba."

Gaskiya na faɗa mata. Ni mai saran itace ne, tun ina ɗan shekara sha huɗu na bar makaranta na bi ubana daji. Shekara ashirin da biyu ke nan da wani gungume ya mirgino daga kan mota ya sami gwiwata ta hagu. Tun daga ranar ƙafar dama ke min gaba, a matakala, a kan ƙanƙara, ko daga gado zan sauko. Ta hagu biyo baya take yi, kuma ba ta taɓa kawo ƙara ba.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji Ardis. "Rufus ɗanye ne, ba ni da matsala da shi. Kai ne busasshen."

Yadda na tsinci kaina a wannan aiki, laifin idona ne. Shekara sha tara muna maƙwabtaka, tsakaninmu sai gaisuwa, sai in share mata hanyar mota in dusar ƙanƙara ta zuba, ita kuma ta aiko min da burodin ayaba. Tsohon karenta ya mutu, ta zauna shekara biyu babu kare, sai ga shi bara ta dawo da ɗan kwikwiyo, baƙi mai farin wuya, irin na kiwon tumaki. Na ce a raina, tsohuwa ta ɗauko wa kanta aiki.

Inda nake faskare a bayan gidana, shinge ne kawai tsakanina da filinta. Ina sara ina kallo. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ba ta duka, ba ta tsawa. Aljihunta cike yake da gutsattsarin cuku. Ta yi taku biyu ta tsaya, ta ba shi cuku. Ta juya, ta ba shi cuku. Minti biyar ta tashi aiki, ta jefa masa ƙwallo. Na ce wannan ai ba horo ba ne, kiwo ne. Amma kafin wata shida sai ga kare yana tafiya manne da ƙafarta kamar an ɗinke su, kansa a sama. Ta jefa wani ɗan katako mai kama da ƙashi, jikinsa yana rawa don son ya bi, amma ba zai ɗaga ko farce ba sai ta ce.

Ranar da na ajiye gatari na tsallaka ita ce ranar da na ga ta zube ƙarafa shida iri ɗaya a ciyawa, karen ya je ya shinshina ya ɗauko ɗaya.

"Yaya aka yi ya san wannan ne?" na tambaya ta kan shinge.

"Shi na taɓa da hannuna."

"Ƙarya ne. Kin dai yi masa alama."

"To zo ka jera da kanka, malam mai bincike."

Na je na ɗauko awartaki don kada hannuna ya taɓa su, na sa ta juya baya ita da karen, na jera su yadda na ga dama. Sau biyar muka yi. Sau biyar ya ɗauko nata. Na kwana uku ina tunanin abin. Har na shinshina ƙarfen da kaina a ɓoye, ban ji komai ba sai ƙarfe.

A watan Yuni ta fara tari. A Yuli likita ya gaya mata ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yi nisa. Ita ta faɗa min da bakinta, a bakin shinge, kamar mai ba da labarin farashin man fetur. Sannan ta ce, "Vern, ara min ƙafafunka."

"Ɗaya ce mai kyau."

"Na sani. Ita ce ba na so."

Na yarda ne don ina son in ga yadda abin yake daga ciki, ba don wani tausayi ba. Haka dai na gaya wa kaina.

Abin da take nufi da aron bai fito min fili ba sai ranar da 'yarta Marcy ta zo daga birni. Na shiga kicin in ajiye igiya na tarar da su suna gardama a kan karen. Marcy ma'aikaciyar banki ce, mai kirki, amma komai nata a rubuce yake a waya.

"Mama, a hawa na shida nake, kuma ba a yarda da kare a ginin ba. Na faɗa miki. Mutumin da kika saye shi a wurinsa ya ce zai karɓe shi, yana cikin takardar da kika sa wa hannu."

"Zai karɓe shi ya sa a keji a bayan rumbu, da wasu talatin. Karen da ke aiki kullum safe da yamma. Wata biyu zai fara cin jelarsa."

"To wa zai ɗauka? Ba ya bin kowa sai ke. Ni ko kallona ba ya yi."

Ardis ta ɗauki kofinta ta kurɓa, ta dube ni ta saman bakin kofin.

"A'a," na ce. "Kar ma ki fara. Ni ba na ajiye abin da ke cin abinci."

"Wa ya yi magana da kai?"

"Idonki."

Marcy ta yi dariya, irin ta wadda ta gaji. "Mista Haugen, in har zai bi ka, wallahi da na fi kowa murna. Amma na gan ku ta taga. Kai kana gabas, shi yana zaune a yamma."

Wannan magana ta ci min rai, ban san dalili ba.

A ƙarshen Satumba ƙungiyarsu ta masu karnuka ta shirya gwaji a ɗakin da ake baje kolin shanu. Ba gasar gaske ba ce, ta koyo ce, amma da alƙali da komai. Ardis ta rubuta sunan Rufus da nawa ba tare da ta tambaye ni ba. Na ɗora ta a a-kori-kurata, tulun iska a tsakanin ƙafafunta, karen a tsakiyarmu.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Karnuka sun fi arba'in, amma shiru kamar coci. Yawanci mata ne masu furfura, kowace da jakar cuku ko busasshiyar hanta a ƙugu. Wata tana goge wa karenta haƙora. Wata tana tafiya ita kaɗai a lungu, ba kare, tana juyawa tana ƙirga taku da baki. Na tsaya ina kallonta har Ardis ta zungure ni da sanda.

"Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Suka yi ta zuwa gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta tambaye ta jiki. Duk karen suke tambaya.

"Wannan ne yaron? Kai, Ardis, dubi ƙirji! Wa zai shiga da shi?"

"Ga shi nan. Maƙwabcina ne. Ku yi haƙuri da shi, bai daɗe da fara koyo ba."

"Karen?"

"A'a, karen ya iya."

Alƙaliyar wata ƙatuwar mace ce mai suna Doreen, murya kamar ta mai gwanjon shanu. Aka kira lambarmu. Kashi na farko da igiya ne, muka lallaɓa, ina jan ƙafa yana haƙuri da ni. Sai aka zo kashi na biyu, aka karɓe igiyar. Na tsaya, Rufus ya zauna a haguna, kafaɗarsa tana taɓa wandona. Na ji idon mutane a ƙeyata.

"Ka shirya?" in ji Doreen.

"Na shirya."

"Gaba!"

Ardis ta ja min kunne cewa kada in kalli ƙasa, in ɗaga kai in tafi kamar mai gaskiya. Haka na yi. Na ce, "Mu je," na ɗaga kai na kama hanya. Doreen ta ce hagu, na yi hagu. Ta ce sauri, na ƙara sauri har gwiwata tana ƙara. Ta ce a hankali, na rage. A raina ina cewa, ashe abin ba wuya, ko motsinsa ba na ji. Ta ce juya, na juya.

Sai na hango shi. Yana can ƙarshen fili inda muka fara, zaune tsaf, ƙirji a gaba, yana bina da ido. Ni kaɗai na zagaye ɗakin nan kaf, ina yi wa iska magana.

Wata ce ta fara dariya, can baya, kamar an shaƙe kaza. Sai ɗakin ya ɗauka. Doreen ta rufe fuska da takardarta, kafaɗunta suna rawa.

"Me ya sa ba ki tsayar da ni ba?" na ce mata.

"Yallaɓai, tafiyarka ce ta yi kyau, na ce bari in ga ƙarshenta. Kai ka ci maki. Karen ma ya ci, na zama. Sai dai ba tare kuka ci ba."

Na nufi karen kai tsaye zan kama wuyansa, sai muryar Ardis ta tsaga ɗakin, muryar da na ɗauka ciwo ya cinye.

"Zagaya! Kai ka ajiye shi, koma ka ɗauke shi yadda ya kamata!"

Na zagaya ta bayansa, na tsaya yana haguna. Na tsaya ina tunani kamar mai lissafi, wannan ce hagu, wannan ce hagu. Na ɗaga ta. Zafi ya harba min har ƙugu. Kare ya miƙe kamar an kunna shi, muka fita daga filin tare, taku shida ko bakwai. Suka tafa mana, ban sani ba ko na yabo ne ko na tsiya.

A mota na kafa ido a kan hanya. Ita kuwa dariya take tana tari, tana tari tana dariya, har na tsaya a gefen hanya na ƙara mata iska.

"Shekara arba'in," ta ce da ta samu numfashi, "ban taɓa ganin wanda ya yi wannan tafiyar da kyau kamarka ba."

"Na gama. Nemi wani."

"Ka ji yadda ya tashi a ƙarshe?"

Na ji. Wannan ne abin da ya hana ni sakat. Ban ja shi ba, ban ba shi cuku ba, ban ma buɗe baki ba. Gwiwa kawai na motsa, wata halitta ta karanta ta. Ban gaya mata haka ba. Washegari dai ƙarfe takwas ina filinta.

Sati uku muka ƙara. Wata rana in dace, wata rana in manta. In na natsu ina tunani, hagu ke fita. In hankalina ya tafi wani wuri ko na ji kunya, dama ta riga ta. Ardis ta daina fitowa ciyawa, sai ta zauna a baranda. Daga baya ta koma bayan taga, tana ƙwanƙwasa gilashi da cokali in na yi kuskure. Ganyen bishiyoyi ya zube, sanyi ya fara cizo. Ƙarar cokalin tana raguwa, ba don na ƙware ba.

Wata ranar Talata da hantsi Marcy ta zo ɗaukarta zuwa gidan jinyar da ake kai waɗanda likita ya gama nasa. An kawo keken guragu, ta ce ba ta hawa, da ƙafarta ta shigo gidan nan da ƙafarta za ta fita. Ni na riƙe tulun iska da jaka. Ta sa jar rigar sanyinta, ta fito baranda a hankali, Marcy tana riƙe da hannunta na dama. Rufus ya zo ya zauna a hagunta, a kan tsohuwar dardumar bakin ƙofa, ba wanda ya ce masa.

Ta tsaya tana kallon filin. Ba ta shafa kansa ba, ba ta ce masa komai ba. Marcy tana duba matakala. Ni kuwa, wata uku ana yi min tsawa a kan ƙafa, idona ya saba, ƙasa nake kallo.

Na ga dunduniyarta ta hagu ta ɗaga kaɗan. Karen ya ɗan yunƙura. Sai ta mayar da ita ta dire. Ta ɗaga ta dama, ta sauka matakalar farko.

Bai bi ta ba. Ta sauka ukun, ta shiga mota, ba ta waiwaya ba. Motar ta fita, ta sha kwana wajen akwatin wasiƙu. Yana zaune.

Daga ranar dardumar nan ta zama gidansa. Marcy ta dawo ta kwana a gidan tana haɗa kaya. In ta sa masa igiya ta ja, zai bi ta ya yi abin da zai yi a ciyawa, tana sakinsa ya koma ya zauna yana kallon hanya. Abinci sai ya ci loma biyu ya bari. Na kira Doreen na tambaye ta. Ta ce babu karen da ke riƙe umarni kwana da kwanaki, kewa ce kawai, zai ware. Wataƙila haka ne. Ita ta san karnuka, ni itace na sani. Amma ita ba ta ga abin da na gani ba.

Ranar Alhamis na je duba Ardis. Ɗaki mai tsabta, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Ta ƙanƙance a gadon kamar rigar da aka wanke ta tsuke. Na zauna da hulata a gwiwa.

"Ya ci abinci?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

"Kaɗan." Na juya hular. "Da gangan kika yi?"

"Me?"

"Ƙafar. Na ga kin ɗaga hagu kin mayar."

Ta buɗe ido sosai ta dube ni. Bakinta ya ɗan motsa. "Ashe busasshen ya fara kallon ƙasa."

"Tambayarki nake."

"Da na tashi da hagu, da ya bi motar har titi. Ka san shi." Ta huta, ta ja iska. "Me ake yi wa karen da aka ajiye?"

"Wanda ya ajiye shi ya koma, ya zagaya, ya ɗauke shi."

"To."

"To ai ke kika ajiye shi."

"Tun Yuli na ari ƙafafunka, Vern. Ka ji na ce na mayar?"

Sai na ɗauko tsohuwar maganata. "Na gaya miki ba na ajiye abin da ke cin abinci."

"Ka ajiye kanka shekara hamsin da shida, kuma ba abin da ka iya sai ci."

"Sai kin dawo dai," na ce. "Ki ɗauki abinki da kanki."

Ta rufe ido. Na ɗauka barci ta yi, na miƙe a hankali na nufi ƙofa.

"Dama," ta ce, ido a rufe. "Da dama ka tashi. Na ji."

Ranar Asabar da la'asar ta rasu, Marcy tana riƙe da hannunta. Aka yi jana'iza ranar Talata a cocin da ke kan tudu. Matan ƙungiya sun cika layi uku, kowace da gashin kare a baƙar rigarta. Bayan an gama aka sauka ɗakin ƙasa aka ci dankali da naman alade da kek. Sau huɗu ana ba da labarin tafiyata a ɗakin shanu, kowane karo sai an ƙara min zagaye ɗaya. Ban ji haushi ba.

Duk kwanakin nan ban taka barandarta ba. Ta shinge nake leƙensa, shi ma ya kalle ni, ya mayar da kai hanya.

Laraba da safe na fito na tarar dusar ƙanƙara ta farko ta zuba, 'yar kaɗan, ta rufe ciyawa kamar an barbaɗa gari. Motar Marcy tana bakin baranda, bayanta a buɗe, ga keji a ciki. Na tsallaka ta inda katakon shinge ya cire.

"Ina kwana, Mista Haugen. Mutumin ya ce in kai shi kafin azahar, tafiyar awa huɗu ce." Idonta ya kumbura. Tana riƙe da igiya da gutsuren cuku. "Rufus, zo. Zo mana, yaron kirki. Don Allah kar ka sa in ɗauke ka."

Ko kunne bai motsa ba.

"Ba ni wuri," na ce.

Ta miƙo min igiyar. Na ce ta riƙe abinta.

Na hau matakala uku, ƙafar dama a gaba, don ba yadda zan yi da matakala. Na tsaya a gabansa. Ya rame, gashin wuyansa ya cukurkuɗe. Ni dai ban san abin da ke cikin kan kare ba, har yau ban sani ba. Kuma ban san ko zai yi ba. A fili da igiya da cuku da tsohuwa tana buga cokali daban, nan kuma daban. In ya ƙi, keji na nan a buɗe, ba ni da ta cewa.

Na bi ta gefensa, na zagaya ta bayan jelarsa a hankali, tsakaninsa da ƙofa, na fito ta ɗaya gefen na tsaya daidai inda ta tsaya. Katakon wurin har ya ɗan goge. Kafaɗarsa tana kusa da gwiwata. Na ɗaga kai na kalli hanya yadda aka koya min. Na ji ɗumin numfashinsa ta cikin wando. Ya daina kallon hanya, ƙafata yake kallo.

"Me kake yi?" in ji Marcy, ƙasa-ƙasa.

Ni dai ina ƙirgawa. Matakala ce a gabana, kuma shekara ashirin da biyu ban sauka matakala da wannan ƙafar a gaba ba. Na kama ƙarfen gefe da hannun dama. Na ɗaga hagu.

Zafin ya zo, na san zai zo. Tare da shi na ji ƙarar farce a kan katako.

Muka sauka ukun tare. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya sai na sake tashi, kuma ban yarda da kaina ba. Muka wuce motar, muka wuce kejin, muka bi ta ciyawa zuwa shinge. A bayana na ji Marcy ta ja hanci, can kuma na ji ta rufe bayan motar.

Sai da muka kai ƙofar kicin ɗina na tsaya, shi ma ya zauna. Ba ni da kwanon kare, na zuba masa ruwa a tukunyar da nake dafa wake. Yana sha na waiwaya. Sawunmu yana nan a kan farin, tun daga barandarta har ƙofata, nawa ɗaya mai zurfi ɗaya mai ja, nasa ƙanana a gefen hagu, ba inda suka rabu.